Layin Famfon Malam Na'Allah

Salamu alaikum, jama'ar da ke biye da ni. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa na cika jan rai, in faɗi abin da Kamaluddeen ya yi min kowa ya huta. To 'yar uwa, yau za ki ji. Sai dai ki gyara zama, don dole in bi da ke ta bakin famfo tukuna. Can aka cuce ni ina dariya.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Radiyya, ɗiyar Malam Na'Allah na Unguwar Lalle, ƙasar Sabon Birni. Lissafi na karanta a Sakkwato, yanzu ina koyar da shi a wata makarantar 'yan mata a cikin Sabon Birni, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Babana manomin gero ne, amma abin da aka fi saninsa da shi famfon sola ne na unguwarmu. Tun da aka haƙa shi dattawa suka ɗora Baba a kai, don sun san ba ya duba fuska. Dokarsa ɗaya ce tak: wanda ya riga ajiye jarka, shi zai riga ɗiba. Ko Inno, mahaifiyata, sai jarkarta ta bi layi. Ta yi mita har ta gaji, Baba bai taɓa tanka mata ba. Ba shi da mota, ba shi da sarauta, sunan nan na mai gaskiya shi ne duk abin da ya tara.

Da rashin zaman lafiya ya koro mutanen ƙauyukan wajen Burkusuma, unguwarmu ta cika maƙil. Layi ya yi tsawo, jarkoki rawaya jere har bakin masallaci. Amma kullum kafin rana ta yi sanyi sola ta daina ja, jarkar ƙarshe ta cika. Baba ya dawo gida da gefen wando a jiƙe yana murmushi, ya ce da Inno ta ba shi fura.

A kan famfon nan na yi aikina na kammala digiri. Lissafin layi ake ce masa, wato a auna yadda mutane ke zuwa da yadda ake sallamarsu, a gane tsawon jiran da za a yi. Samarin da suka riƙa zuwa wurina, da na ɗauko maganar sai ka ga sun hau hamma. Wani har ya ce wai mace da lissafi sai ta riƙa ƙirga masa loma. Na ce Allah ya raka taki gona. Kai, a'a, ban ce komai ba, shigewata gida kawai na yi na bar shi da sauro.

Sai Kamaluddeen ya zo. Mai gidan bulo ne a hanyar Isa, dogo, wankan tarwaɗa, shaddarsa kullum a goge ko da kuwa daga wurin aiki yake. Ba kyansa ne ya kama ni ba, wallahi. Saurare ne. Mutumin nan in kina magana sai ya kife wayarsa a gwiwa ya zuba miki ido, kamar duk duniya babu abin da ya fi bakinki.

Ba na mance wani yammaci bayan La'asar a zauren gidanmu. Na sa atamfata mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, lallen da Firdausi, ɗiyar kawuna, ta yi min bai ko fara gogewa ba. Na kai masa kunun aya mai sanyi da soyayyar gyaɗa. Ya kurɓa, ya dube ni.

"Malama, wai mi kin ka karanta haka ga layi? Layi ai layi na."

"Haba dai," na ce. "Layi na da hali awa mutum."

"Tau koya min halinai."

'Yan uwa, kun san yadda zuciya take in an taɓo abin da take so. Na gyara zama na fara zuba. Na ce masa famfo yana da iyakar abin da zai iya cikawa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Idan masu zuwa ba su kai rabin wannan iyaka ba, ko an ƙara mutum goma ba wanda zai ji a jikinsa. Amma idan sun matso kusa da iyakar, sauran ɗan sarari kaɗan, to nan ne abin tsoro. Duk sanda sararin nan ya ragu da rabi, jira sai ya ninka. Ya sake raguwa da rabi, jira ya sake ninkawa. Ranar da sararin ya ƙare, layi ba zai sake ƙarewa ba, na yau zai kwana ya haɗu da na gobe.

"Tau famfon Baba hwa?" ya tambaya. "Sararin nawa ya rage?"

"Kaɗan ƙwarai. Tun da baƙin ga sun ka zo, bisa gaɓa yake. Ka ga mai kura guda, jarka goma ko fiye yake turowa lokaci ɗaya. Wanga ya fi ɓata layi bisa ga mata goma su zo ɗai-ɗai. In an ka ƙaro masu kura uku ko huɗu da safe, an gama da mu."

"Baba ba ya korarsu?"

Na yi dariya. Ina jin dariyar nan a kunnena har yau. "Baba? Ko Iblis ya aje jarka cikin layi sai ya cika mishi."

Shi ma ya yi dariya, ya ce Allah ya ba shi mata mai kai. Da ya tafi ya turo min saƙo: "Yau na ƙaru da ke, malamata. Allah shi bar min ke." Na karanta ya fi a ƙirga, na nuna wa Firdausi, ta ce na haukace.

Magana ta yi nisa. Manyansa suka zo, aka sa rana bayan girbi, aka kawo lefe. Akwatuna masu ruwan toka, leshi, atamfofi, takalma da jakunkuna kala-kala, har da wani turare da Inno ta ɓoye a ƙarƙashin gado don kada 'yan ganin lefe su ƙarar da shi. Ni kuwa kaina ya tafi ga ɗinki da zaɓen labule.

A tsakanin nan ne famfo ya rikice.

Da fari Baba ya ce zafi ne, mutane sun ƙara sha. Sai aka fara rufe famfo da sauran jarkoki a layi. Masu su suka bar su nan su kwana, don kada su rasa wuri. Washegari wanda ya zo ya tarar da layin jiya, sai tsoro ya kama shi, ya koma gida ya kwaso duk abin da ke riƙe ruwa, bokiti, tulu, har tukunyar girki. Layi ya wuce masallaci, ya karya kwana, ya kai gindin dalbejiyar makaranta. Mata suna wuni a rana da goyo. Wasu suka koma ɗibar ruwan tafki, yara suka fara gudawa.

Sai baki ya buɗe. Wai Malam Na'Allah sayar da ruwa yake a ɓoye. Wai ya tsufa, ba ya iya lura. Wata Asabar ina tsaye da kaina, Halimat, wata 'yar gudun hijira da Baba ya ba ɗaki kyauta a gidanmu na baya, ta ɗaga jarkarta babu komai ta buga a ƙasa a gabansa.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Tun jiya ɗiyana ba su sha ba. Mun gudo ma azzalumai, mun ka iske wani!"

Baba ya sunkuya ya ɗauki jarkar, ya kakkaɓe mata ƙasa, ya mayar da ita daidai inda take a layi. Da ya dawo gida bai nemi fura ba. Tun daga ranar tuwo sai ya taɓa ya ture, rigunansa suka fara yi masa yawa. Ya kira mai gyara ya duba inji, lafiya lau. Ya hau da kansa ya wanke faifan sola, mutum mai furfura a kan tsani, babu abin da ya sake.

Za ku ce ina lissafin nawa yake? Na tambayi kaina. Na ga masu kura a layi, ƙwarai na gan su, amma garin ya cika da baƙi, kowa na neman abin yi, na ɗauka 'yan garuwa ne masu sayarwa a gari. Kuma wa zai kawo wa ransa cewa akwai mai ɗibar ruwa don mugunta?

Kamal kuwa ya zama ɗan gida. Ya aiko mana da durom biyu na ruwa daga Sabon Birni. Ya zauna da Baba yana ba shi haƙuri. Shi ne ma ya je wurin dattawa ya ce tunda abin ya fi ƙarfin tsoho, shi zai karɓi famfon ya riƙe, ya sauke wa surukinsa nauyi. Dattawa suka ce madalla. Inno har da hawaye, wai Allah ya ba ta ɗa namiji da rana tsaka.

Ranar wata Juma'a na taso daga makaranta da wuri, Firdausi ta ce mu biya mu saci kallon gidan da yake gina min, kusa da gidan bulonsa. Amarya ba ta zuwa, na sani, amma na zumbula dogon hijabi na sa niƙabi, muka hau babur. Ina son in ga tagar ɗakin ne kawai saboda labule.

Ba mu kai ga tagar ba. A bayan ginin muka ga mutum ya tsayar da kura yana juye jarkoki a kan wani tarin bulo. Ruwa mai kyau, fari tas, yana gangarowa yana shigewa cikin yashi. Na san fuskarsa, kullum yana layin famfonmu. Bulon kuwa ba sabo ba ne. Ya yi baƙi, gansakuka ta fito masa kore shar, har ciyawa ta tsiro a gindinsa. Kowa ya san sabon bulo ake ba ruwa, shi ma na 'yan kwanaki.

Na ce, "Sannu da aiki, bawan Allah. Wanga bulo bai ƙoshi ba?"

Ya share zufa da hularsa. "Hajiya, ni dai aikina an ka ba ni. Mu huɗu na. Mai gida ya ce mu yi sammako mu aje kaya ga famfon Malam, in mun cika mu zo mu zuba nan, mu koma mu bi layi. Kuma ya ce kada mu kuskura mu yi rigima ko mu tsallake kowa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan an ka kai kayan aurenai."

Firdausi ta riƙe min hannu. Masu kura huɗu, da safe, cikin layi, ba tsallake. Ko ɗigo bai ƙara a kan abin da na faɗa masa a zaure ba. Mutumin nan bai fasa famfo ba, bai saci komai ba, bai karya dokar Baba ba. Dokar ya bi ya karya Baba da ita, kuma ni na nuna masa inda zai taka.

Ban yi kuka a hanya ba. Baƙin cikin ya wuce na kuka. Da muka isa gida na shige ɗaki, na zauna a kan ɗaya daga cikin akwatunansa, na jira sabis ya kawo. Na rubuta masa: "Na ga bulon da ake ba ruwa."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Wa ya kai ki can?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

"Radiyya, ki natsu. Na samu aikin bulo babba a Isa, ruwan da nake saye daga nesa yana cinye ni. In famfon yana hannuna kurata za ta ɗiba da safe, jama'a su ɗiba bayan nan. Ina karɓa za ni janye mutanen, layi shi koma daidai cikin kwana kaɗan. Ke kin san haka, ke kin ka ce."

"Sunan Babana hwa? Shi ma za ya koma daidai?"

"Mutane suna mantuwa. Kuma don wa nake yi? Gidan wa nake ginawa?"

Na kife wayar. Wai don ni. Yaran da suka sha ruwan tafki don ni, tsohon da aka kira azzalumi a gaban jama'a don ni. Abin da ya fi ci min rai, 'yan uwa, ba ruwan ba ne. Sauraren nan ne. Duk ranakun da ya kife waya ya zuba min ido, ni ina jin na samu wanda ya ga abin da ke cikin kaina ya so shi, ashe shi darasi yake ɗauka.

Na sami Inno a madafa tana tuƙa tuwo. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Muciyar ta tsaya a hannunta. Sannan ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi fiye da na da.

"Wa kin ka gaya ma?"

"Ke kaɗai. Sai Firdausi da ta gani."

"Tau ki rufe bakinki."

"Inno!"

"Na ce ki rufe! An sa rana, duk Gobir an ga lefe. Ki fasa ki ce mi? Ki ce ke kin ka ba saurayi dabarar da ya kada ubanki? Wa za ya yarda ba da saninki ba? Ke za a zaga, ba shi ba." Ta saki muciyar. "Kuma ni na gaji, Radiyya. Famfon ga ya ci min miji tun ba yau ba. Bari shi aje shi, shi huta, ko da ƙarya ta."

Ban ga laifinta duka ba, kuma wannan ya ƙara min ciwo. Tsoro ne ke magana a bakinta, da tausayin mijinta. Amma hutun da take nema masa, hutun mutumin da zai mutu yana zaton ya ci amanar jama'a ne.

Washegari da hantsi Kamal ya zo karɓar makullin famfo, tare da dattawa biyu. Farar shadda ya sa, da hula zanna, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, a inuwar rumbu. Inno ta ce in kai ruwa. Na san dalilinta, so take ya gan ni na fito da tire kamar komai lafiya. Na sa hijabina ruwan toka, ko hoda ban shafa ba, na kai na durƙusa na ajiye. Ya ɗago ya yi min murmushin nan nasa. Na kau da kaina don ƙyama.

Baba ya zaro makullin daga aljihu, ɗaure da wani tsohon zare. Ya yi wa dattawa godiya, ya nemi gafarar duk wanda ya wahala a dalilinsa. Ya miƙa hannu, har Kamal ya tara nasa. Sai Baba ya tsaya, ya juyo gare ni ina shirin tashi.

"Radiyya, tsaya. Ke kin ka yi karatun abin ga. Na yi ta bincike cikin raina ban gano ba, kuma ina son in sani kafin in aje, don in gargaɗi yaron ga kada shi ma shi faɗa. Gaya min gaskiya, ɗiyata, kada ki ji kunyata. Ina na yi kuskure?"

Tsohon da ya rame saboda sharrin mutum, yana neman yadda zai kare mutumin. Daga ƙofar madafa Inno ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali. Na dubi akwatunan da ke leƙowa ta labulen ɗakina. Na dubi wuyan rigar Baba da ya yi masa yawa.

"Ba ka yi kuskure ba, Baba," na ce. Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Ko sau ɗaya. Kada ka ba shi makullin ga."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ajiye kofin da ya kai baki. Baba ya dube ni, ya dubi Kamal, sannan a hankali ya dunƙule hannunsa a kan makullin ya mayar da shi kan cinyarsa.

"Zamna," ya ce da ni. "Faɗi abin da kin ka sani."

Kamaluddeen bai firgita ba. Ya janye hannunsa, ya gyara zaman hularsa, ya kife wayarsa a gwiwa, ya zuba min ido.

"Gaya mishi, malamata," ya ce a hankali. "Amma ki fara da wanda ya koya min."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Tunda nake a duniya ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar.

"Radiyya," ya ce, "wa ya koya mishi mi?"